Sunan Jibo Bakari ya hau titi, ina 'yancin cewa A'a?

A watan Oktoba na 2024 hukumomin Yamai suka cire sunan Janar de Gaulle daga kan wani babban titin birnin, suka sa na Jibo Bakari. Abin ya dace, ko da yake ya zo a makare, shekara 26 bayan rasuwar jagoran Sawaba a 1998. Amma wanda zai girmama Jibo sai ya tambayi abin da ya tsaya a kai.

A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Faransa ta ba ƙasashen da take mulka zaɓi: su zauna ƙarƙashin inuwarta ko su kama gabansu. Jibo, wanda yake jagorantar gwamnatin Nijar tun 1957, ya yi kira da a ce A'a, kamar yadda Seku Ture ya yi a Gine. Faransa ta turo Gwamna Colombani, aka haɗa kai da sarakunan da ke jin haushin Sawaba, I ta yi rinjaye. A 1959 aka haramta jam'iyyar, jagoranta ya yi gudun hijira.

Ƙarfin Sawaba yana wurin talakawa ne: direbobi, 'yan kamasho, ƙananan 'yan kasuwa da manoman gyaɗa na yankin Maraɗi da Tasawa. Su a wurinsu 'yanci shi ne a daina yanke wa talaka hukunci a bayan idonsa, ko haraji ne, ko farashin gyaɗa, ko wanda zai shugabance shi. Da wannan kalma ta sawaba NEPU ta Malam Aminu Kano ta tayar da talakawan ƙetaren iyaka tun 1950.

Wannan ma'auni ya kamata a ɗora wa Agye, Gazawa da Gidan Rumji. A 2004 mutanen Cadawa, Gangara, Tibiri da Cadakori suka zaɓi kansilolinsu a karon farko. Kansilolin ba waliyyai ba ne, an ga ɓarna da son kai. Duk da haka ɗan kasuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in kuɗin rumfa ya yi yawa, ya kuma san ranar da zai rama da ƙuri'a. A watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi daga sama. A watan Maris na 2025 aka rusa jam'iyyu baki ɗaya.

Masu mulki suna da hujjar tsaro, kuma Gidan Rumji, da ta karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya tun 2019, ta san zafin 'yan bindiga. Sai dai manomin da aka sace wa shanu ya fi kowa bukatar wakilin da zai faɗi kukansa ba tare da tsoron rasa kujera ba. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake kallo.

Sojojin Faransa sun fice a Disamba 2023, rabin burin 1958 ya cika. Sauran rabin yana hannun hukuma: ta sa ranar zaɓen ƙananan hukumomi, ta bar ɗan kasuwar Gazawa da malamin makarantar Agye su ce A'a ba tare da an kira su maƙiyan ƙasa ba. Da irin wannan suna aka kori Sawaba a 1959.