Giyar Hannu ko Otomatik: Wace ce Ta Fi Saurin Tashi?

A wannan wata zan ɗan ajiye alli da allo, mu leƙa gareji.

Abin da ya jawo haka shi ne wata gardama da aka tafka a majalisarmu ta Hausare, nan Garwa, bayan sallar La'asar. Ɗan wana ya shekara huɗu yana tara kuɗi, yanzu yana shirin zuwa Duwala ya sayo mota ta hannu, ya riƙa kai fasinja da kaya kasuwannin Pitowa da Adumri, wani lokaci har Ngaundare. Ya ce otomatik yake so, wai ta fi saurin tashi. Nan take wani dattijo, tsohon direba wanda ya tsufa a kan Peugeot 504, ya yi tsaki ya ce, "Kai yaro, motar da ke sa wa kanta giya motar malalata ce. In ana maganar gudu, hannu da kuloci su ne gaba." Da muka tashi sai yaron ya biyo ni, ya ce, "Baffa, kai ne mai karance-karance, wa ke da gaskiya?"

To, dattijon nan gaskiyarsa ce, amma gaskiyar zamaninsa. Otomatik ta farko da aka ƙera da yawa, kamfanin General Motors na Amurka ne ya sa ta a motar Oldsmobile ta 1940. Shekaru da dama irin waɗannan motoci giya uku ko huɗu kawai gare su, kuma ba ƙarfe ne ke haɗa inji da ƙafafu kai tsaye ba, mai ne. Mai karatu ya ɗauki fanka biyu ya sa su fuska da fuska, ya kunna ɗaya. Iskarta za ta juya ɗayar, amma ba da cikakken ƙarfi ba. Haka abin yake, sai dai mai ne a madadin iska. Wani kaso na ƙarfin inji a nan yake zubewa, ya zama zafi. Saboda haka a wancan lokaci direba mai gwanin hannu yakan bar otomatik a baya. Kuma 504 ɗin da yake taƙama da ita ba kanwar lasa ba ce, domin ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975.

Sai dai giyar hannu tana da nata lahani. Duk sanda direba zai canja giya, dole ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kuloci, ya tura sanda, sannan ya saki. A wannan ɗan tsakani inji ba ya tura motar ko kaɗan. Masu tseren motoci, waɗanda ke lissafi da ɗigon daƙiƙa, su suka fara neman maganin wannan. A 1989 kamfanin Ferrari ya fito da motar tseren Formula 1 wadda ake canja mata giya da 'yan yatsu a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Burazil. Cikin 'yan shekaru sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2003 Volkswagen ta kawo wata dabara cikin motocin da ake sayar wa jama'a: kuloci biyu a akwatin giya ɗaya. Ɗaya na kula da giya ta 1, 3, 5, ɗayan na kula da ta 2, 4, 6. Mota na tafiya a giya ta biyu, ta uku ta riga ta shiga tana jira. Kwamfuta ta saki wannan ta kama wancan kafin ƙiftawar ido. Ba hannun ɗan Adam da zai yi haka.

Ga misali da lamba. Motar Porsche 911 GT3 ta 2021 an yi ta iri biyu, injinsu ɗaya. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, mai kuloci biyu tana ɗaukar daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuwa 3.9. Ashe ke nan a kan wannan batu yaron ya kayar da dattijo.

Amma fa ɗan wana ba Porsche zai sayo ba. Kuɗinsa iyakarsu tsohuwar Toyota wadda ta gama yawo a Turai. Otomatik ɗin da ke cikin irin waɗannan yawanci tsohon yayi ce mai giya huɗu, kuma Allah kaɗai Ya san ranar da aka canja mata mai.

Kuma mu nan, ina saurin tashi ke mana amfani? Wuri ɗaya ne: sanda kake bayan tirelar auduga a kan hanyar Ngong, kana son wucewa, ga wata mota ta ɓullo daga nesa. Nakan ba ɗalibaina wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan ku biyu ne kuke fuskantar juna, ninka shi. Mai giyar hannu yakan sauko giya ta uku tun yana bayan tirelar, ya fito inji na ruri. Mai tsohuwar otomatik kuwa, in ya bar ta a harafin D ya danna totur, sai ta yi ɗan tunani kafin ta sauke giya. Wannan ɗan tunanin mitoci ne masu yawa. Akwai magani, wato ya ja sandar zuwa lamba 3 ko ya kashe giyar sama kafin ya fito, amma direbobi nawa aka koya wa haka?

Sai gangaren dutsen nan da ke tsakanin Ngaundare da Mbe. Duk wanda ya taɓa sauko shi ya ji warin birki. Ƙa'ida ita ce a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe mota. Otomatik ma tana iya yi, shi ya sa aka rubuta 2 da L a jikin sandarta. Wanda ya bar ta a D ya kwanta kan birki tun daga sama, birkin zai yi zafi, ya wayi gari yana takawa ba ya kamawa.

Ban da wannan, batir ya mutu maka a ƙauye, giyar hannu yara huɗu su tura ta tashi. Otomatik ko gari guda ya taru ba za ta tashi da turi ba. Kuloci ya ƙone, kowane bakanike a Garwa zai canja maka shi cikin yini. Akwatin otomatik ya lalace, sau da yawa sai dai a nemo wani ɗungurungum. Ba na hana ta nata yabo: a cikin gari hutu ce, kuma sabon direba ba zai ƙona mata kuloci ba.

Na ce wa yaron ya nemi mai giyar hannu. In kuwa ya ƙi ji, to kada ya biya ko dala sai ya zaro sandar gwada man giyar ya duba. In man ja ne garau, madalla. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya sa kuɗinsa a aljihu ya nufi gaba. Ya ce zai yi shawara da mahaifinsa. Jibi zai hau jirgin ƙasa daga Ngaundare.