RA'AYINMU: Sabon fenti ba ya kashe tsatsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gareji ya san yadda ido ke ruɗuwa idan aka fito da tsohuwar mota daga hannun mai fenti. Jikinta na sheƙi, mai saye ya zagaya ta sau biyu, ya hangi fuskarsa a jikin ƙofa, ya ƙirga kuɗi ya miƙa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ƙuraje su fara ɓullowa a gindin ƙofa da bakin madigadi, idan ya danna da yatsa sai yatsan ya shige. A ranar ne zai gane cewa ƙulli aka sayar masa a farashin ƙarfe.

Wannan cuta ta yi ƙamari ne a kasuwar tsofaffin motoci masu daraja ta Turai da Amurka, inda mota kan ƙara tsada idan ta tsufa kuma ta fito tsaf. A Jamus, tun 1997 ake bai wa motar da ta kai shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, alamar ta shiga sahun kayan tarihi. A Ingila kuwa, daga 2018 aka ɗauke wa yawancin motocin da suka haura shekara 40 gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, don haka tana iya sauya hannu ba tare da wani jami'i ya leƙa ƙarƙashinta ba. Inda duk aka ce kuɗi na bin ƙyalli, to maha'inta ba sa nisa da wurin.

Kada wani ɗan uwa ya ce wannan matsalar Turawa ce. Motocin da ake magana a kansu mun san su: Mercedes W123 da aka sayar daga 1976 zuwa 1986, da Volkswagen Beetle, da Peugeot 504 wadda ta fito a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Haka nan motocin da muke kira Beljiyam, waɗanda suka shigo mana ta Kwatano da Legas, sun yi shekaru a kan titunan Turai kafin su iso, kuma sun taho da abin da suka ɗebo a can.

Abin da suka ɗebo shi ne gishiri. A ƙasashen sanyi ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin ya fantsama ya maƙale a lungunan ƙarƙashin mota. Yawancin motocin wancan zamani kuwa an ƙera su ne kafin shafa wa ƙarfe zinki, irin wanda ke kare kwanon rufi, ya zama ruwan dare. Kamfanin Porsche ya soma yi wa jikin mota gaba ɗaya haka a tsakiyar shekarun 1970, Audi kuma a tsakiyar shekarun 1980. Tsatsa daga ciki take soma ci, a dokin ƙofa da sauran wuraren da ƙarfe ke da rami kamar akwati, kuma da yake ta fi ƙarfen da ta ci kumburi, sai ta tura fentin waje. Saboda haka ƙurjin da ka gani a sama ƙarshen labari ne, ɓarnar ta jima da aukuwa. A 1980 sai da kamfanin Lancia ya sayi motocinsa samfurin Beta daga hannun masu su a Ingila saboda tsatsar da ta ci inda ke riƙe da injin, alhali motocin ba su wuce 'yan shekaru ba. To ina ga wadda ta shekara 40?

Gyaran gaskiya sananne ne ga duk mai sana'ar. A kankare har a kai ga farin ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi waldar sabon falle, a shafa maganin tsatsa ciki da waje, sannan a zo kan fenti. Ƙullin nan da ake kira fila, amfaninsa shi ne daidaita 'yar lotsawa, kaurinsa bai kamata ya wuce 'yan milimita ba. Amma abin takaici, maha'inci kan cusa tsohuwar jarida ko kwali ko ragar waya a cikin rami, ya lafta fila mai kaurin yatsa, ya goge, ya fesa fenti, ƙarƙashin motar kuma ya dame shi da baƙin kwalta don kada a ga komai. Fila na shan danshi, don haka tsatsar da aka rufe ci gaba take yi da aikinta cikin duhu, har ma ta fi sauri.

Da asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Motoci irin su 504 da W123 ba a kan wani shasi daban aka ɗora su ba, jikin nasu shi ne ƙashin da ke ɗauke da nauyi. Idan dokin ƙofa da ƙasan mota suka ruɓe, ranar hatsari motar naɗewa za ta yi da mutanen cikinta. Shi ya sa a gwajin Ingila ake kayar da motar da tsatsa ta raunana ƙarfenta cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure birki, ko sitiyari, ko ƙafafun mota, ko bel ɗin kujera. Ga kuma hayaƙin salansa mai guba da kan shigo ta ramukan ƙasa ya sa direba gyangyaɗi a kan hanya. Wanda ya rufe irin wannan wuri da ƙulli, da rayukan bayin Allah ya yi wasa.

A nan ne muke kira gare ku, 'yan uwa matasa, domin da yawanku ku ne yaran gareji, ku ne masu walda da fenti, ku ne dillalai. Mun san uzurin da ake kawowa: maigida ne ya sa, ko mai motar ne ya ce a rufe kawai sayarwa zai yi. To wannan furuci nasa shi ne shaidar cewa an gayyace ka zamba. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da haƙƙin mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ba muna cewa aikin araha laifi ba ne. Talaka na iya cewa a toshe masa rami gwargwadon aljihunsa, ya san abin da ya hau. Laifin yana cikin shirun da ake yi ranar ciniki. Yau kusan kowa na da waya mai ɗaukar hoto. Ka ɗauki motar kafin fenti da lokacin walda, ka nuna wa mai saye, ka faɗi abin da aka gyara da abin da aka bari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma garejin da aka san shi da faɗin gaskiya ba ya rasa aiki.

Kai kuma ɗan uwa mai saye, sabon fenti a jikin tsohuwar mota dalili ne na ƙara bincike. Ka duba ta da rana tsaka, a bushe. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi gindin ƙofofi da bakin tayoyi. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, akwai fila mai kauri. Ka ƙwanƙwasa ka saurara, ƙarfe na da amo, ƙulli ba shi da shi. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka fitar da safaya ka duba mazauninta, ka duba ƙarƙashin batir da wuraren kafa jak. Ka lura ko tazarar ƙofofi ta daidaita, ko fenti ya taɓa robar gilashi. Sannan ka kai ta ramin gareji tare da makanikenka, wanda ba shi da kaso a cinikin, ya tsokani ƙarƙashinta da sukundireba. Mai motar da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa, sai ka riƙe kuɗinka ka yi masa sallama.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya sa albarka a sana'o'inmu.