Alhakin Faɗuwar Naira Yana Wuyan Wa?

Duk wanda ya san Tudun Wada ta Nassarawa a Kano, unguwar da yawancin magidantanta masu albashi ne ko masu ƙaramar sana'a, wasunsu ma a masana'antun Bompai suke neman halaliyarsu, ya san cewa tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a kasuwar canji cikin watan Yuni, albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata. Dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kwanon shinkafa da buhun fulawa suka bi ta, har mata masu gurasa suka fito zanga-zanga a Kano.

A wannan watan ne hukuma ta garƙame wasu rumbunan hatsi a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, jama'a kuwa suka yi murna, domin ihtikari, wato ɓoye abinci don ya yi tsada, haramun ne. Sai dai a ganina an kama reshe ne an bar tushe. Ɗan kasuwan da ya tabbata kuɗin hannunsa za su rage daraja kafin gobe, dole ya gwammace ya riƙe gero. Manzon Allah (SAW) da kansa, da aka roƙe shi ya ƙayyade farashi a Madina, bai yi ba, ko da yake wasu fuƙaha'u sun ba shugaba dama idan maslaha ta tilasta.

Tun wajen 1405 miladiyya malami al-Maƙrizi ya bincika tsadar da ta addabi Misira, ya ɗora babban laifin a kan mahukuntan da suka cika ƙasa da kuɗin tagulla marasa ƙima. Mu ma haka ta same mu, domin a zamanin Buhari rancen da Babban Banki ya ba gwamnatin tarayya ya kai naira tiriliyan 22.7, alhali dokarsa ta 2007 ta iyakance irin wannan rance ga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, Majalisa kuma, wadda amanar tsare dokar take hannunta, ta albarkaci abin a Mayun 2023. Wannan rance da ya rage darajar naira haraji ne da aka karɓa daga aljihun talaka ba da saninsa ba, kuma wajibi ne mutanen Tudun Wada su tambayi wakilansu na Abuja da wace hujja suka yarda da shi.