An ce ESR ɗinka ya hau, sai me?



Yau ina so mu tattauna kan wata 'yar takarda da ke hana mutanenmu barci. Mutum ya je gwajin jini lafiyarsa ƙalau, wataƙila don neman aiki ko shirin Hajji, sai ya dawo an ja layi ƙarƙashin ESR ko CRP, an ce masa "ya hau". Waɗanda suka taso a Nijar ko Kamaru sun fi sanin ESR da sunan VS, yadda ake rubuta shi da Faransanci. Duk abu ɗaya ne.

Ni a ganina, babban kuskurenmu shi ne ɗaukar lambar nan a matsayin sunan cuta. Hayaƙi kawai ta nuna, ba ta faɗi ko girki ake yi ko gobara ba. Gwajin ESR, ana zuba jini ne a siririn bututu, a tsayar da shi awa ɗaya, a auna milimita nawa jajayen ƙwayoyin jini suka kwanta. Idan jiki na faɗa da wani abu, ƙwayoyin kan manne da juna, su yi saurin nutsewa. CRP kuwa sinadari ne da hanta ke fitarwa, an gano shi a Amurka a 1930 a jinin masu ciwon huhu. Yana tashi cikin sa'o'i, yana kuma sauka da wuri, alhali ESR kan yi makonni kafin ya dawo daidai.

To, me zai ɗaga su a nan garinmu? Zazzaɓin cizon sauro da ka yi kwanan baya, mura, ruɓaɓɓen haƙori, maruru, ƙiba. ESR ma yana hawa saboda ƙarancin jini, da juna biyu, da tsufa. Likitoci na da wani lissafi na kintace: namiji ya raba shekarunsa biyu, mace ta ƙara 10 kan shekarunta sannan ta raba. Ke nan 30 ga Hajiya mai shekara 60 ba abin tashin hankali ba ne, amma ga saurayi ɗan 20 sai a duba. Mai sikila kuma nasa kan fito ƙasa ko da yana fama da ciwo, saboda siffar ƙwayoyin jininsa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne fassara. Likita ya ce "kumburi", mutum ya duba ƙafarsa bai ga komai ba, ya ce ƙarya ne. Wani kuma a ce masa "infekshan", nan take ya fassara shi da ciwon sanyi. Daga nan sai kemis a sayo Ampiclox, ko wajen masu maganin gargajiya da lasifika a bakin kasuwar Wunti. Har gida rigimar kan kai, miji na zargin mata, mata na zargin miji, a kan lambar da haƙori ne ƙila ya jawo ta! Maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sha babu dalili kuwa, ranar da ake buƙatarsa da gaske yana iya ƙin aiki.

Amma fa kada wani ya ce na ce a jefar da takardar. Idan akwai tari da ya kai mako biyu, da rama, da gumin dare, a je a yi gwajin majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, musamman da rani, ba na zama a gida ba ne, domin Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, tare da Ondo da Edo. CRP da ya haura 100, ko ESR da ya kai 100, likita ya kamata ya gani ba da jinkiri ba, ko a asibitin koyarwa na ATBU ko a Asibitin Ƙwararru.

Idan hawan kaɗan ne kuma babu wata alama, sau da yawa likita zai ce a sake gwajin bayan 'yan makonni. A gaya masa duk ciwon da aka yi kwanan nan da maganin da aka sha. Mu da muke yawo da takardun asibiti daga wannan ƙasa zuwa waccan, a duba ma'aunin da ke gefen lambar: wani ɗakin gwajin na rubuta CRP da mg/L, wani da mg/dL, kuma 1 a na biyun daidai yake da 10 a na farkon.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.