Gidan Yakubiyan: Fim Ɗin Da Ya Ƙirga Baƙin Cikin Alƙahira Ɗaki-Ɗaki

Akwai wani fim na ƙasar Masar da na daɗe ina jin ya kamata masu shirya finafinanmu na Kano su zauna su kalla da idon basira. Sunansa Imarat Yakubiyan, wato Gidan Yakubiyan, wanda Marwan Hamed ya ba da umarni a shekarar 2006, daga littafin da likitan haƙori Alaa Al Aswany ya wallafa a 2002.

Fim ɗin ba shi da jarumi guda. Wani tsohon bene ne a tsakiyar Alƙahira ya tara kowa. A ƙasa akwai masu hali, irin su Zaki, ɗan gidan sarauta da zamani ya bari a baya, wanda Adel Imam ya taka. A can saman rufi kuwa talakawa ne suka cunkusa a 'yan ɗakunan ajiya na ƙarfe. Akwai Hajji Azzam, wanda ya faro daga gogar takalmi har ya sayi kujerar majalisa da kuɗi. Akwai Busaina, budurwar da ke haƙuri da hannun maigidan shago don kada ta rasa abin da za ta kai gida.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Ɗaha. Yaro ne mai ƙoƙari, ya ci jarrabawa, burinsa kawai ya shiga makarantar horar da 'yan sanda. A wurin ganawa aka tambaye shi sana'ar ubansa, da aka ji maigadi ne sai aka sallame shi. Daga nan sai zanga-zanga a jami'a, sai azaba a hannun jami'an tsaro, sai ɗaukar makami. Fim ɗin bai wanke shi ba, bai kuma yi mana wa'azi ba. Hanyar kawai ya nuna, taki bayan taki. Duk wanda ya taɓa raka ƙane neman aiki aka ce ya kawo takardar wani babba, ya san wannan ɗaki da wannan tambaya.

Ba zan ɓoye ba, akwai wuraren da suka yi mini tsauri, kuma wasu 'yan majalisar Masar sun nemi a yanke su. Sai dai shekaru biyar bayan fitowarsa jama'a suka cika dandalin Tahrir, Hosni Mubarak ya sauka a Fabrairun 2011.

To, ina namu? Gidan haya guda a Sabon Gari ko Fagge, da layin ruwa, da malamin da albashi ya ƙare masa tun ran goma ga wata, da ɗan adaidaita sahu mai biyan balas kullum, sun isa fim na awa uku. Amma har yau yawancin furodusoshinmu sun fi gane wa falo mai labule da rikicin kishiyoyi, domin a ganinsu shi ne ke mayar da uwar kuɗi.