Jean Rouch: Bafaranshen da Ba Mu Karanta Shi a Sashen Hausa

Duk sanda aka zo batun tarihin fim a ajinmu, daga Shaihu Umar na marigayi Adamu Halilu (1976) ake farawa, sai a tsallaka zuwa Turmin Danya na Kano a 1990. Ni dai a ganina akwai giɓi a nan, kuma iyakar da Turawa suka shata ce ta jawo shi. Duk abin da aka yi da Faransanci sai mu ɗauka ba namu ba ne, alhali mu nan Yola da Jimeta kullum muna cuɗanya da mutanen Garwa a kasuwa.

Jean Rouch injiniya ne haifaffen birnin Paris a 1917. Ya zo Nijar a 1941 don aikin hanya, daga baya ya rungumi kyamara. A 1955 ya fitar da Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana a kan 'yan ci-rani daga Nijar masu bautar iskokin da ake kira Hauka. Ku dubi sunan kansa, ai Hausa ce tsagwaronta! Iskokin nan gwamna da hafsoshin Turawa suke kwaikwayo, har hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta hana nuna fim ɗin.

Ba wai ina wanke shi ba ne. Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa zargin sa da kallon 'yan Afirka tamkar ƙwari, kuma zargin yana da ƙamshin gaskiya, domin muryar Rouch ce ke fassara komai da Faransanci, ta danne ta masu abin. To amma wannan ne ma ya sa ya dace da ɗalibin harshe: wa ke magana, kuma wa aka yi wa shiru?

Sannan a hannunsa Oumarou Ganda ya fito, a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda ya koma gida ya zama darakta, har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972, tun kafin a san da Kannywood.

Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, aka binne shi a Yamai. Roƙona ga malamanmu shi ne su ware ko da mako biyu a kwas ɗin wasan kwaikwayo, a nuna mana finafinan nan, mu yi musu a kansu.