Wasiƙa Zuwa Ga 'Ya'yana Masu Jinyar Tsofaffi a Ingila

Tun 2022 da aka buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi, da yawanku kun baro gida kuna kwana tsaye a kan iyayen wasu. Allah ya saka muku da alheri.

Amma kalma ɗaya ce ke ci mini tuwo a ƙwarya: "Ai gigin tsufa ne." Tsoho ya faɗa ɗakin tsohuwa, ya fizge mata bargo, ya murɗe mata hannu, sai a raba su, a rubuta "babu rauni", a ci gaba da rabon shayi. Na yarda, wanda ya yi bai san ya yi ba. Ita da aka yi wa fa? Na taɓa jinyar wata dattijuwa da aka mara a falo. Kafin magariba ta manta da marin, amma har ta rasu ba ta ƙara yarda ta zauna a falon ba, kuma mu ma, Allah ya yafe mana, "babu rauni" muka rubuta.

A 2016 Dakta Mark Lachs da abokan aikinsa sun bincika gidajen jinyar tsofaffi 10 a jihar New York, suka tarar mutum ɗaya cikin biyar ya sha zagi, ko duka, ko kutse daga wani mazaunin gidan cikin wata guda. Ido, wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Malamanmu ba haka suka koya mana ba. Tun 1859 Florence Nightingale ta sa lura a gaban komai, Tom Kitwood na Bradford kuma ya nace a ga mutum kafin a ga cutarsa. Da, sista takan tsare ki da tambaya: me ya faru kafin dukan? Wa ya zauna masa a kujera? Yaushe rabonsa da bayan gida? An duba fitsarinsa, an duba haƙorinsa? Da la'asar ne, lokacin da masu ciwon mantuwa suka fi rikicewa, falo kuma ba kowa? Yau ido na kan waya, tambaya ɗaya ake yi: a ƙara masa ƙwaya? Haba! Rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa magungunan taɓin hankali da ake ɗura wa masu mantuwa suna jawo ƙarin mutuwar kusan 1,800 a shekara.

Ku gafarce ni in na yi zafi. Na san hannaye sun yi kaɗan, na san kuma bizarku tana hannun mai gidan, shi ya sa baki ke nauyi. Duk da haka ku rubuta abin yadda ya faru, da lokaci da wuri da sunan wadda aka cuta. Ku kai wa manaja. In ya danne, dokar kulawa ta 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin bincike, hukumar CQC mai sa ido kan gidajen jinya ma tana karɓar ƙorafin ma'aikaci ba sai ya faɗi sunansa ba. Daren ranar kuma ku leƙa ɗakin wadda aka cuta, ku ɗan zauna da ita.

Uwarku,
tsohuwar nas